Rubutun Bango a Labaran Rushewar Duniya na Rasha: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

A adabin kowace al'umma akan sami wasu ƙananan abubuwa da marubuta ke yawan komawa gare su, har mai karatu ya saba da su, ya daina tambayar dalilin zuwansu. A ƙagaggun labaran Rasha waɗanda ke magana a kan rayuwar da za ta biyo bayan rushewar duniya, ɗaya daga cikin irin waɗannan abubuwa shi ne rubutun bango. Abin da muke nufi da rubutun bango shi ne duk wani rubutu ko zane da mutum ya yi a jikin gini ba da izinin mai ginin ko na hukuma ba, ko da gawayi ya yi shi, ko da alli, ko da fenti, ko da tsinin wuƙa. Turawa suna kiransa girafiti, kalmar da suka aro daga Italiyanci, inda tushenta yake nufin karta. Labaran rushewar duniya kuwa su ne waɗanda marubuci kan ƙaddara cewa yaƙi ko annoba ko gubar nukiliya ta riga ta cinye birane da hukumomi, sa'an nan ya bi sawun 'yan tsirarun da suka tsira, ya nuna yadda suke rayuwa a kufai.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa yawaitar rubutun bango a waɗannan labarai gado ne da marubutan suka ɗauko daga tarihin ƙasarsu. A ƙasar da hukuma ta daɗe tana riƙe da maɗaba'a da ɗakunan ajiye takardu, bango ne wurin da talaka yake barin shaidar cewa ya taɓa rayuwa. Marubutan sun ɗauki wannan shaida sun kai ta zamanin da hukuma ta faɗi, suna tambayar abu guda: idan rubutu ya tsira, mai rubutun ya mutu, shin za a sami wanda zai karanta ya gane?

Tushen Al'adar

Al'adar rubutu a bango ta girmi ƙasar Rasha kamar yadda muka san ta a yau. A babbar majami'ar Sofiya da ke Kiyef, babban birnin Yukiren na yanzu, wadda aka gina a farkon rabin ƙarni na 11, masu bincike sun ƙirga rubuce-rubuce da zane-zane fiye da 7,000 waɗanda masu ibada suka karta a jikin bangaye da ginshiƙai. Haka kuma abin yake a takwararta ta Nofgorod, wadda aka gina tsakanin 1045 da 1050. Mafi yawan waɗannan rubuce-rubuce gajerun addu'o'i ne, inda mutum zai ambaci sunansa ya roƙi Ubangiji ya taimake shi. Amma a cikinsu akwai wanda ya rubuta ranar rasuwar sarki Yaroslaf a shekarar 1054, akwai kuma wanda ya rubuta cinikin wata gona tare da sunayen shaidu, domin a ganin mutanen wancan zamani abin da aka kafa a bangon ɗakin ibada ya fi ƙarfin musu.

Shugabannin majami'a ba su yarda da wannan ɗabi'a ba, har ma tsohuwar dokar majami'a da ake jinginawa ga sarki Biladimir ta sanya yankar bangon ɗakin ibada cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Duk da haka hanin bai hana ba. A shekarar 2015 masu gyaran wata majami'a a garin Pereslaf Zaleski suka ci karo da wani rubutu a jikin bango wanda ya jera sunayen mutanen da suka haɗa baki suka kashe sarki Andire Bogolubski a 1174, ya kuma tsine musu. Fiye da shekaru 800 rubutun yana nan yana jiran mai karatu. Daga nan muna iya ganin ayyuka uku da bango ya riƙa yi tun farko: wurin roƙo ne, wurin kafa hujja ne, kuma wurin ajiye sunan wanda aka zalunta da na wanda ya yi zaluncin.

Bangayen Yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa wannan al'ada nauyi irin wanda ba ta taɓa samu ba. Ranar 22 ga Yuni 1941 sojojin Jamus suka auka wa Tarayyar Sobiyet, kuma kagarar Birest, wadda ke cikin ƙasar Belarus a yau, tana cikin wuraren da aka fara kai wa hari. An yanke sojojin da ke ciki daga sauran rundunarsu, babu ruwa babu abinci, babu hanyar aika saƙo. Bayan yaƙi aka tarar da abin da wasunsu suka karta a jikin tubali, wanda mafi shahara a ciki yake ɗauke da kwanan watan 20 ga Yuli 1941, inda mai rubutun ya shaida cewa mutuwa yake yi amma bai miƙa wuya ba, ya kuma yi ban kwana da ƙasarsa. Mutumin ya rubuta ne ga mai karatun da bai sani ba, a lokacin da ba shi da tabbacin cewa ƙasar da yake wa ban kwana za ta wanzu.

Shekaru huɗu bayan haka, a watan Mayu 1945, sojojin Sobiyet da suka kama ginin majalisar Jamus a Balin suka cika bangayensa da sunayensu da na garuruwansu da hanyoyin da suka biyo, da gawayi da alli. An lulluɓe mafi yawan wannan rubutu lokacin wani gyara a shekarun 1960, sai da aka sake gyaran ginin a shekarun 1990 ya bayyana, aka kuma bar wani sashe nasa a inda yake. Kusan duk yaron da ya yi makaranta a Tarayyar Sobiyet ya tashi da sanin waɗannan bangaye biyu, na wanda aka ritsa da shi da na wanda ya yi nasara. Saboda haka idan marubucin Rasha ya sa jarumin labarinsa ya haska fitila a jikin rusasshen gini ya ga suna da kwanan wata, mai karatunsa ba ya bukatar a yi masa bayani.

Bangon Hukuma da Bangon Talaka

A lokacin zaman lafiya kuwa bango mallakar gwamnati ne. Tun daga 1918 Lenin ya umarci a yi amfani da gumaka da rubutun jikin gine-gine wajen cusa aƙidar juyin juya hali, sa'an nan a 1922 aka kafa Gilaflit, hukumar da ke tace duk abin da za a buga. Manyan haruffa a kan rufin benaye suna yabon jam'iyya da ma'aikata da zaman lafiya, har jama'a suka saba da su kamar yadda aka saba da turakun lantarki. Wanda ya kuskura ya rubuta nasa ra'ayin a bainar jama'a kuwa ya san abin da ke jiransa. A watan Agusta 1976 wasu masu zane biyu, Yuli Ribakof da Oleg Bolkof, suka rubuta wata jimla mai tsawon kimanin mita 40 a jikin kagarar Bitrus da Bulus ta Leningirad, suna zargin hukuma da gicciye 'yanci. An ɗaure ɗaya shekara 6, ɗayan shekara 7.

Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, in ji Hausawa. Daga ƙarshen shekarun 1970 magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, musamman Spartak ta Mosko, suka fara rubuta tambarin ƙungiyoyinsu a lunguna, masoya kiɗan zamani suka bi bayansu, kamar yadda masanin tarihi Jon Bushnel ya bayyana a littafin da ya wallafa a 1990 kan rubutun bangon Mosko. A shekarun 1980 matasa suka mayar da matakalar benen gida mai lamba 10 a titin Bolshaya Sadobaya, inda marubuci Mikayil Bulgakof ya taɓa zama, wani irin allo na kowa da kowa. Suna zana taurarin littafinsa, suna yi wa juna raddi, a shafe da fenti su dawo su sake. Ranar 15 ga Agusta 1990 mawaƙi Biktor Tsoyi ya mutu a haɗarin mota a Latbiya, sai wani ya rubuta labarin mutuwar a wani bango da ke unguwar Arbat, wani kuma ya zo ya amsa a ƙasa cewa mawaƙin yana raye. Daga wannan musu na mutum biyu da ba su san juna ba bangon ya zama wurin ziyara. Kafin shekara biyu ta cika Tarayyar Sobiyet ta wargaje, manyan haruffan kan rufi suka zama kufai, ƙananan rubutun lungu suka yawaita. Marubutan da za mu duba a gaba, ban da na farkonsu, sun ga wannan sauyi da idanunsu.

Zamiyatin: Kalma Guda a Birnin Gilashi

Littafin Yebgeni Zamiyatin mai suna Mu, wanda ya rubuta a tsakanin 1920 da 1921, shi ne kakan wannan reshe na adabi. Labarin yana faruwa ne ƙarnoni bayan wani yaƙi na shekara 200 da ya hallaka mafi yawan bil Adama. Waɗanda suka rage suna zaune a birni guda da aka kewaye da Koren Bango, gidajensu na gilashi ne, sunayensu lambobi ne, kuma an tsara musu lokacin ci da barci da tafiya. A irin wannan birni ba a tsammanin bango zai ɗauki wani sirri, tun da ana hango abin da ke bayansa.

Washegarin ranar da wasu suka ƙi ɗaga hannu wajen sake zaɓen shugaba, sai jarumin labarin, injiniya D-503, ya fita ya tarar an manna ƙananan takardu a bangaye da kujeru har cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowace ɗauke da kalma guda, watau sunan ƙungiyar 'yan tawaye. Ya kwatanta su da ƙuraje da suka feso a jikin birnin. Kalmar ba ta yi wa'azi ba, ba ta kawo hujja ba, amma ta isa ta sanar da kowane mai shakka cewa ba shi kaɗai ba ne. Zamiyatin ya gane wannan tun kafin a kafa Gilaflit, kuma littafin nasa ya ɗanɗana abin da ya hango: an fara buga shi da Ingilishi a Amurka a 1924, bai fito a Tarayyar Sobiyet ba sai 1988, shekara 51 bayan rasuwar mai shi a Faris.

Tolstaya: Rubutu Ya Tsira, Karatu Ya Mutu

Ranar 26 ga Afrilu 1986 tukunya ta huɗu ta tashar nukiliyar Canobil ta fashe, washegari aka kwashe mutanen garin Piripiyat su kusan 50,000 da alkawarin za su dawo bayan 'yan kwanaki. Ba su dawo ba. Aka bar garin da allunansa da takensa, ciki har da wanda ke kan rufin wani bene yana fatan ƙwayar zarra ta zama ma'aikaciya maimakon soja. Daga wannan rana rushewar duniya ta daina zama hasashe ga mutanen Sobiyet, ta zama wuri mai suna da taswira. A wannan shekara ce Tatiyana Tolstaya ta fara rubuta littafinta Kis, wanda bai fito ba sai a 2000.

A cikin Kis an shekara fiye da 200 da wata babbar fashewa. Inda Mosko take a da ya zama ƙauye mai bukkokin katako, mutanensa suna cin ɓeraye suna kuma ciniki da su, kowa da nakasar da gubar ta bar masa. Jarumin, Benedik, aikinsa kwafar rubutu a ɓawon itace, kuma duk abin da yake kwafa shugaban garin ne ke da'awar shi ya tsara, alhali tsofaffin waƙoƙi da labaran Rasha ne ya sace. Akwai wasu 'yan tsiraru da suka rayu tun kafin fashewar, waɗanda ba sa tsufa. Ɗayansu, dattijo Nikita Ibanobic, mai tsaron wutar gari, yakan bi yana kafa dirkokin itace yana sassaƙa musu sunayen tsofaffin titunan Mosko, don kada a manta inda suke. Mutanen garin kuwa sukan tumɓuke dirkokin su yi makamashi da su, ko su karta nasu sunayen a jiki, da na 'yan matansu, da zage-zage.

A nan Tolstaya ta haɗa rubutun bango iri biyu a jikin itace guda, na mai son adana tarihi da na mai son a san ya wuce ta wurin. Kowanensu yana da asali a bangayen Kiyef da Nofgorod, amma a wannan ƙauye babu wanda ke fahimtar ɗan'uwansa. Sunan titi ba ya nufin kome ga wanda bai taɓa ganin titi ba. Shi kansa Benedik, da ya auri 'yar shugaban masu ƙwace tsofaffin littattafai ya sami shiga taskarsu, ya karance su kaf, bai ƙaru da tausayi ko hankali ba, har ya kai ga kisan kai don neman ƙarin abin karantawa. Dattijon ya sha gaya masa cewa bai koyi baƙaƙen farko ba tukuna, shi kuwa yana zaton wani ɓoyayyen littafi ake nufi. Ba banza ba marubuciyar ta sanya wa kowane babi sunan harafi daga tsohuwar abajadar Rasha. Kukan kurciya jawabi ne, amma sai mai hankali ke ganewa, kuma tsoron da ke cikin Kis shi ne zuwan zamanin da jawabin yana nan, masu hankalin sun ƙare.

Gulukofski: Bango a Matsayin Doka da Iyaka

Dimitiri Gulukofski, wanda aka haifa a 1979, ya fara sakin Metro 2033 a intanet a 2002, aka buga shi a takarda a 2005. Ya zaɓi wurin da kowane mazaunin Mosko ya sani. An buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin ranar 15 ga Mayu 1935 da tashoshi 13, aka ƙawata su da marmara da hotunan ma'aikata da sojoji kamar fadoji. A 1941 jama'a sun fake a cikinsu daga bama-baman Jamus, har Istalin ya yi jawabi a tashar Mayakofskaya ranar 6 ga Nuwamba na wannan shekara. A labarin Gulukofski yaƙin nukiliya ya ƙone doron ƙasa, waɗanda suka tsira sun shekara 20 a waɗannan tashoshi, kowace tasha ko gungun tashoshi ya zama ƙasa mai kanta, harsashi ya zama kuɗi.

A cikin wannan duhu matafiyi yana sanin ƙasar da ya shiga ne daga abin da fitilarsa ta haska a bango. Saurayi Artiyom, a tafiyarsa daga tasharsu ta arewa zuwa tsakiyar birni, yana karanta bango kamar yadda mafarauci ke karanta sawu. A tashoshin da masu aƙidar Nazi suka mamaye akwai tambarinsu mai ƙafa uku, da taken da ke cewa wurin na Rashawa ne kaɗai, da hoton baƙin mutum da aka soke da layi. A layin 'yan gurguzu an maido wa tashoshi sunayensu na zamanin Sobiyet, waɗanda a zahiri aka canza a watan Nuwamba 1990. A can ƙuryar ramuka kuma akwai wasu da suka koma bautar wata Babbar Tsutsa, suna zana siffarta a hanyoyinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da marubucin ya ƙirƙiro daga iska. Taken wariyar launin fata da jajayen tutoci duk sun cika bangaye da titunan Mosko na shekarun 1990, lokacin ƙuruciyarsa, abin da ya yi kawai shi ne ya ba kowane take tasha da bindiga.

A nan ne ma'anar rubutun bango ta juya. A wurin Zamiyatin makamin mai rauni ne a gaban hukuma. A wurin Gulukofski kuwa, da hukuma ta faɗi, duk mai fenti da ƙarfi ya zama hukuma, abin da ya shafa a bango ya zama hukuncin rai da mutuwa. Taskar ilmi ta gaskiya, watau babban ɗakin karatu na ƙasa, tana can sama cikin guba, wasu dodanni suna gadinta, kuma shigarta na iya cin ran mai nema. Saboda haka jama'a suka dogara ga jita-jita da taswirar hannu da abin da wani ya karta ya wuce. A littafi na biyu, Metro 2034 na shekarar 2009, marubucin ya kawo wani tsoho da ake wa laƙabi da Homa, wanda babban burinsa shi ne ya rubuta tarihin mutanen rami kafin su shuɗe, ya kuma tsinci littafin ajiyar wani mamaci wanda daga cikinsa ne aka san annobar da ta auka wa wata tasha. Wannan mamaci ɗan'uwan sojan Birest ne: ya rubuta ga wanda bai sani ba, cikin fatan wani zai zo.

Kammalawa

Mun bi rubutun bango daga majami'un ƙarni na 11 zuwa kagarar Birest da lungunan Arbat, muka ga yadda marubuta uku suka ɗauke shi zuwa duniyar da ta rushe. Zamiyatin ya nuna cewa kalma guda a bango tana iya girgiza mulkin da ya mallaki kome. Tolstaya ta nuna cewa rubutu na iya tsira a rasa mai gane shi. Gulukofski ya nuna cewa hannun da ya ƙwaci bango daga azzalumi yana iya zama sabon azzalumi. Abin da ya haɗa su shi ne sanin cewa takarda tana ƙonewa, ana kulle taska, ana canza sunan titi, amma mutum ba ya daina neman inda zai bar sunansa.

Tarihin kuma bai tsaya a cikin littattafai ba. Bayan da Rasha ta kutsa Yukiren a watan Fabrairu 2022, aka kafa doka a watan Maris da ke hukunta ɓata sunan soja, sai masu adawa da yaƙin suka koma ga bango. Wasu, don gudun kamu, suka riƙa zana taurari uku da biyar a maimakon haruffan kalmomi biyu na ƙin yaƙi, kuma masu wucewa suka gane. A garin Borofsk an ci tarar wani dattijon mai zane, Biladimir Obcinikof, saboda hoton wata yarinya da ya zana a bango da launukan tutar Yukiren. Shi kuwa Gulukofski, wanda ya riga ya bar ƙasar, wata kotun Mosko ta yanke masa ɗaurin shekara 8 a bayan idonsa a watan Agusta 2023 saboda abin da ya rubuta game da yaƙin. Idan har taurari takwas marasa harafi sun isa su isar da saƙo, to, mai karatun da Tolstaya ta ji tsoron ƙarewarsa bai ƙare ba tukuna, kuma sojan da ya karta kwanan wata a tubalin Birest bai yi aikin banza ba.